Ƙididdiga da Auna Hujja: Darasin da ke Kayar da 'Ya'yanmu a Jami'a

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na taron shekara-shekara na ƙungiya



Kwamitin ilimi ya nemi in yi magana a kan darasi guda wanda ya zame wa yaranmu da yawa ƙarfen ƙafa a jami'a, wato ilimin ƙididdiga da ɗan'uwansa da ake kira dabarun bincike. Mai karatun tattalin arziki ba zai tsallake shi ba, haka mai karatun likita, da na aikin gona, da na koyarwa, da na aikin jarida. Yaro zai ci sauran darussansa lafiya lau, wannan ɗaya ya riƙe masa riga, ya sake shi a shekara mai zuwa, wani lokaci ma ya ƙara masa shekara guda cur a makaranta. Iyayen da ke zaune a nan sun fi ni sanin abin da shekara guda ke ci na kuɗin rajista da ɗaki da abinci da mota a wannan zamani. Saboda haka maganar ta shafi ɗalibi, ta kuma shafi aljihun ubansa.

A ganina, babban abin da ke kayar da yaranmu shi ne sun ɗauki darasin a matsayin lissafi tsantsa, sai su duƙufa ga haddace ƙa'idoji kamar masu shirin musabaƙa. Alhali lissafin da ke cikinsa a matakin farko bai wuce tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa ba, sai ɗan tushen lamba, kuma na'urar lissafi tana yin wannan cikin ƙiftawar ido. Abin da malami ke nema a takardar jarrabawa shi ne hukunci: wannan lamba da ta fito, me take nufi, kuma har ina za a iya dogara da ita? Ɗalibin da ya rubuta lamba daidai ya ja layi biyu a ƙarƙashinta ya tashi, ya bar rabin makinsa a kan tebur.

Bari mu fara da matsakaici, tunda shi kowa ya sani. A ce mutum goma ne ke zama a wata majalisa bayan la'asar. Tara daga cikinsu kowa na samun naira 50,000 a wata, na goman kuma attajiri ne mai samun naira miliyan 5. In aka tara aka raba goma, matsakaicin abin da ɗan majalisar nan ke samu ya kama naira 545,000. Lissafin ba kuskure a cikinsa, amma babu mutum ko ɗaya a kan tabarmar da wannan lamba ta siffanta. Shi ya sa aka samar da wani ma'auni na biyu: a jera mutanen daga na ƙasa zuwa na sama, a dubi wanda ya faɗo tsakiya. Wannan shi littattafanku ke kira midiyan, kuma a majalisarmu ya tsaya a naira 50,000. Duk inda 'yan ƙalilan suka yi wa sauran fintinkau, kamar a dukiya ko girman gona ko yawan shanu, na tsakiyar ya fi matsakaici faɗin gaskiya. Tambaya ce da ke yawan fitowa a jarrabawa, a ba ka lambobi a ce wane ma'auni ya dace kuma don me, kuma amsarta jimla biyu ce ga wanda ya fahimta.

Haka nan matsakaici ba ya gaya maka yadda abubuwa suka warwatsu. Manomi ya san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Damina biyu za su iya zuwa da ruwa daidai wa daida in an tara, amma ɗaya ta raba shi sannu a hankali daga Yuni zuwa Satumba, ɗayar kuma ta yi fari na kwana ashirin bayan shuka sannan ta juye sauran a mako biyu na Agusta. Ta farko ta cika rumbu, ta biyu ta bar mutum da sayen hatsi tun kafin bazara. Ma'aunin warwatsuwa, wanda ɗalibai ke tsoro saboda doguwar ƙa'idarsa, ba abin da yake aunawa sai wannan: yaya nisan kowace lamba yake daga matsakaici. Wanda ya riƙe hoton damina biyun nan a ransa, ƙa'idar ba za ta ruɗe shi ba.

Yanzu sai in zo kan abin da na fi so mu daɗe a kai, wato samfuri. Ba a iya tambayar kowa da kowa, don haka ake ɗibar kaɗan a yi hukunci a kan duka. Uwargida ba ta shanye tukunya don ta san ko gishiri ya ji, ludayi ɗaya ya ishe ta, amma da sharaɗin ta juya miyar tukuna. In ba ta juya ba, ta ɗebo daga sama inda mai ya taru, ko ta sha ludayi goma ba za ta san gaskiyar tukunyar ba. Mai sayen hatsi a Dawanau shi ma ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya soka ƙarfe a tsakiya da gindi, domin ya san inda ake ɓoye tsakuwa da ƙaiƙayi.

A shekarar 1936 wata babbar mujalla ta Amurka mai suna Literary Digest ta so ta faɗi wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Franklin Roosevelt da Alf Landon. Ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, aka dawo mata da fiye da miliyan 2. Ta ƙirga, ta ce Landon zai yi nasara da kashi 57 cikin 100. Da aka yi zaɓe, Roosevelt ya sami kusan kashi 61 cikin 100 na ƙuri'u, ya cinye jihohi 46 daga cikin 48. Me ya faru? Sunayen da mujallar ta aika wa takardu ta samo su ne daga littafin masu tarho, da rajistar masu mota, da jerin masu sayen mujallar kanta, a lokacin da ƙasar ke cikin matsin tattalin arziki, talaka ba shi da tarho balle mota. Daɗin daɗawa, cikin waɗanda aka aika wa, masu jin haushin gwamnati sun fi zumuɗin mayar da amsa. Wato an ɗebo daga saman tukunya, kuma yawan ludayin bai gyara komai ba. A wannan zaɓen dai George Gallup, da mutum kimanin 50,000 da ya yi ƙoƙarin ɗebowa daga kowane ɓangare na jama'a, ya faɗi cewa Roosevelt ne zai ci. Bayan shekara biyu mujallar ta daina fitowa.

Juya miya a ilimin ƙididdiga shi ne zaɓe ta hanyar ƙuri'a, yadda kowane mutum a cikin jama'ar da ake bincike yake da damar faɗowa, ba tare da son ran mai bincike ya shiga ba. Ɗalibin da ya tsaya a ƙofar ɗakin karatu na jami'a ya raba takardun tambaya ga duk wanda ya wuce, sannan ya rubuta cewa ya gano ra'ayin matasan jiharsa, ya maimaita aikin mujallar nan ne a ƙaramin sikeli. Haka mai tura tambaya ta WhatsApp ga abokansa. Matar da ke cikin gida a ƙauye, da yaron da ke bin shanu, da ɗan dako a tasha, ba su da hanyar shiga lissafinsa ko kaɗan.

Akwai wata ƙa'ida ta Taro Yamane, daga littafinsa na 1967, wadda kusan kowane kundin digiri a jami'o'inmu ke ɗauke da ita don fitar da yawan mutanen da za a tambaya. In an yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, sai a ninka yawan jama'a da 0.0025, a ƙara 1, a raba yawan jama'ar da abin da ya fito. Garin mutum 10,000 zai ba ka 385. Birnin mutum miliyan guda zai ba ka 400. Ku lura da wannan da kyau, jama'a ta ninku sau ɗari, samfuri ya ƙaru da mutum goma sha biyar kacal. Girman tukunya ba ya canza girman ludayi sosai. Amma ƙa'idar ta ginu ne a kan cewa an yi zaɓen da ƙuri'a, kuma wannan sharaɗin ne ɗalibai ke tsallakewa, su kawo 385 ɗin su yi ta alfahari da ita. Samfurin mutum 1,000 da aka zaɓa yadda ya kamata yakan ba da amsa da ratar kuskure ta kusan kashi 3 sama ko ƙasa, kuma mai son ya rage ratar nan zuwa rabi sai ya ninka mutanensa sau huɗu. Don haka in an ce ɗan takara kaza yana da kashi 48, abokin karawarsa yana da 46, mai ilimi zai ce ba a san na gaba ba tukuna.

Ko an ƙirga kowa da kowa ma, ba a tsira ba, kuma mu 'yan Nijeriya ba ma bukatar a tafi da mu wata ƙasa don ganin misali. Dattawan da ke nan sun san zamanin haraji da jangali, lokacin da ganin mai ƙidaya ke sa a kora shanu daji, a ce saurayi bai isa biya ba. Da aka wayi gari yawan jama'a ya zama shi ke kawo kujerun majalisa da kason kuɗi daga tarayya, sai ruwa ya juya, kowa na son a ce ya fi yawa. Ƙidayar 1962 an soke ta saboda rigima, aka sake a 1963 aka sami miliyan 55.6. Ta 1973 ita ma an soke ta. Ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ta 2006 ta ba da miliyan 140 da ɗoriya, kuma Legas ta ƙi amincewa da kason da aka ba ta. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Ba ina faɗin wannan don a ce lambobin gwamnati duk ƙarya ba ne, wannan maganar ragwaye ce. Abin nufi, kafin ka yi aiki da lamba, ka tambayi wa ya ƙirga, kuma wanda aka ƙirga me zai samu ko ya rasa in lambar ta hau ko ta sauka.

Sannan ka tambayi me aka ƙirga. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. A 2023 hukumar dai ta fitar da kashi 4.1 na watanni ukun farko na shekarar. Wanda bai karanta bayanin da ke biye da lambar ba zai ɗauka ko an buɗe masana'antu dubu ne a shekara biyu, ko kuma wani ya yi ƙarya. Ko ɗaya bai faru ba. Ma'anar kalmar aka canza. A da, wanda ya yi aikin ƙasa da awa 20 a mako ana sa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya bi ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin neman kuɗi ko na awa ɗaya ne a cikin kwana bakwai, mai aiki ne. Ana iya gardama a kan wace ma'ana ta fi dacewa da halinmu, kuma ni ina ganin awa ɗaya ta yi kaɗan ga ƙasar da ba a biyan marar aiki ko kwabo. Amma ɗalibin da ya jera lambobin biyu a zane ɗaya ya ce rashin aiki ya faɗi warwas, ya auna gero da mudu biyu masu girma daban ne ya ce an yi sata. Irin haka ya faru da hauhawar farashi, daga kashi 34.80 a Disamba 2024 zuwa 24.48 a Janairu 2025, saboda an sauya shekarar da ake kwatantawa da ita da kuma kayan da ke cikin kwandon awo. Farashin shinkafa bai sauko a wannan watan don lambar ta sauko ba.

Mai girma Shugaba, in an ba ni dama zan taɓa wurin da manya ma ke zamewa, wato bambanci tsakanin abu biyu su zo tare da kuma ɗaya ya zama sanadin ɗayan. Sabuwar masara da zazzaɓin cizon sauro lokaci ɗaya suke shigowa gari, kuma duk shekarar da aka yi ruwa sosai, dukansu biyu sukan yawaita. Mai lissafi zai iya fitar da dangantaka mai ƙarfi a tsakaninsu, lissafinsa kuma ya fita daidai. Amma damina ce uwar su biyun, ita ta nunar da masara, ita ta tara kududdufan da sauro ke ƙyanƙyasa. Sai a 1897 Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya ga ƙwayar cutar a cikin cikin sauro. Duk lokacin da aka nuna maka abu biyu na tafiya tare, nemi na ukun da ke tsaye a bayansu.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi sana'armu ta koyarwa. Yaro ya saba cin 60, ran nan ya ci 35, aka yi masa bulala, a gwaji na gaba ya ci 58, sai a ce bulala ta yi aiki. Wani ya saba cin 60, ran nan ya ci 85, aka yaba masa, a na gaba ya dawo 62, sai a ce yabo ya lalata shi. Alhali ko ba a taɓa na farko ba, ba a kuma ce wa na biyu uffan ba, kowannensu zai komo kusa da inda ya saba, domin ranar da ta fita daban ba ta cika maimaituwa ba. Francis Galton ya bayyana wannan tun 1886 da ya auna tsawon iyaye da na 'ya'yansu. Shi ne kuma sirrin masu tallar magani a mota da lasifika: mutum ba ya sayen magani sai ciwo ya kai maƙura, kuma ciwo da yawa daga maƙura sauƙi yake komawa, da magani ko babu.

To, ta yaya ake tabbatar da sanadi? Hanya mafi ƙarfi ita ce a raba mutane rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba ɗaya abin da ake gwadawa, a hana ɗayan, sannan a kwatanta. Ronald Fisher ne ya kafa tushen wannan a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919, yana raba fegi-fegi na gona da ƙuri'a don kada a ce taki ne ya yi aiki alhali ƙasar wajen ce ta fi kyau. Irin wannan tsari ake bi a wuraren gwajin iri kamar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya kafin a saki sabon irin masara ko wake ga manoma.

Misalin da na fi so ɗalibanmu su sani shi ne gwajin allurar shan inna ta Jonas Salk a Amurka a 1954, wanda ya shafi yara kusan miliyan 1.8. A wani ɓangare na gwajin an ɗauki yaran da iyayensu suka amince, aka raba su da ƙuri'a, kimanin 200,000 aka yi musu allurar gaske, kimanin 200,000 aka yi musu allurar da ba magani a cikinta. Yaro bai san wadda aka yi masa ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba, don kada zato ya shiga hukunci. Cikin kowane yaro 100,000, cutar ta kama 28 a rukunin allurar gaske, ta kama 71 a ɗaya rukunin. Ga abin lura: yaran da iyayensu suka ƙi amincewa gaba ɗaya, 46 ne cikin 100,000 suka kamu, ƙasa da na masu allurar wofi. Dalili kuwa, masu ƙin sun fi yawa cikin marasa hali, kuma yaransu sukan haɗu da ƙwayar cutar tun suna jarirai lokacin da kariyar uwa ke jikinsu, su sami rigakafi na halitta. Da an kwatanta waɗanda aka yi wa allura da waɗanda suka ƙi, da an rage wa allurar daraja ba da haƙƙi ba. An bayyana sakamakon ranar 12 ga Afrilu 1955. Mu da muka ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 saboda jita-jita, muka ga cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, sannan muka ga ranar 25 ga Agusta 2020 da aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji, mun san cewa iya auna hujja ba wasan 'yan boko ba ne. Akwai masu rarrafe a titunanmu yau da suka biya kuɗin rashinsa.

Ba kowane abu ake iya gwadawa da ƙuri'a ba. Ba wanda zai tara matasa ya ce rabi su sha taba shekara talatin don a ga abin da zai faru. A nan sai a tara hujja daga fuskoki da yawa. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill sun duba maza 649 masu sankarar huhu a asibitocin Landan, suka tarar 2 ne kawai ba sa shan taba, alhali cikin wasu marasa lafiya 649 da ba su da sankarar, 27 ne ba sa sha. Ba su tsaya nan ba. Daga 1951 suka shiga bin likitocin Birtaniya dubun-dubatai, aikin da ya ɗauki shekara hamsin, aka ga wanda ya fi sha ya fi kamuwa, wanda ya daina hatsarinsa ya ragu, kuma mashayi yakan rasa kusan shekara goma na rayuwarsa. Abin mamaki, Fisher da kansa, duk da girmansa a wannan fanni, ya yi ta gardama cewa ba a tabbatar taba ce sanadi ba. Hujja ta rinjaye shi. Sunan malami, komai girmansa, ba ya cikin abubuwan da ake aunawa.

Saura wata lamba da ke firgita ɗalibai, wadda ake kira ƙimar p. Ɗauki kwabo ka jefa sau goma. In lafiyayye ne, samun fuska guda sau 8 ko fiye yana faruwa kusan sau 5 ko 6 cikin 100, ba abin mamaki ba ne sosai. Samun ta sau 9 ko fiye kuwa kusan sau 1 ne cikin 100, a nan sai ka fara zargin kwabon. Ƙimar p ke nan: in a ce babu wani bambanci na gaske, sa'a ce kawai ke aiki, sau nawa za a ga sakamako mai ƙarfin wannan ko fiye? Al'ada ta sa iyaka a 0.05, wato sau 1 cikin 20, tun daga littafin Fisher na 1925. Ba ta nufin akwai tabbacin kashi 95 cewa ra'ayinka gaskiya ne, kuma wannan kuskuren shi ya fi kowane cin makin ɗalibai. Ba ta kuma nufin bambancin yana da girma. Maganin da ya rage hatsari daga mutum 2 cikin 1,000 zuwa 1 cikin 1,000, mai talla zai ce ya rage rabi, kuma bai yi ƙarya ba, amma sai an ba mutum dubu kafin a ceci ɗaya. Bugu da ƙari, wanda ya gwada abu ashirin da ba su da wani tasiri, ana sa ran ɗaya zai tsallake iyakar nan don sa'a kawai, kuma in ya buga wannan ɗayan ya ɓoye sha tara, mai karatu ba zai sani ba. A 2015 wasu masana sun sake yin bincike 100 da aka riga aka buga a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan'adam. A asali 97 daga ciki sun tsallake iyakar, da aka maimaita kuwa kusan kashi 36 cikin 100 ne suka sake tsallakewa. Saboda haka kalmar "bincike ya nuna" farkon tambaya ce: bincike nawa, na mutum nawa, kuma wani ya sake yi ya sami haka?

'Ya'yana ɗalibai, game da shirin jarrabawa kanta, darasin nan ba a karanta shi a kwance kamar labari. Da fensir da takarda ake yinsa, kullum kaɗan, domin kowane babi a kan na bayansa yake zaune, kuma wanda ya bar mako uku ya wuce shi ba zai kamo a daren jarrabawa ba ko ya sha shayi tulu guda. Ku nemi tambayoyin shekarun baya ku amsa su da agogo a gabanku. Na'urar lissafin da za ku shiga da ita, ita za ku riƙa aiki da ita tun farkon zango, kada ku ari ta wani da safe ku tsaya neman maɓalli. Ku nuna kowane mataki, domin malami na ba da maki a kan hanya ko da lambar ƙarshe ta kuskure. Bayan kowace amsa ku rubuta jimla ɗaya da ke faɗin ma'anarta da harshen mutane. In kuna son ku gwada ko kun fahimta, ku bayyana wa mahaifiyarku da Hausa abin da ratar kuskure ke nufi. In ta gane, kun iya. SPSS da Excel, da manhajojin zamani masu amsa tambaya, za su fitar muku da tebur mai kyau ko da shara kuka zuba musu, kuma ba za su shiga zauren jarrabawa tare da ku ba.

Wata magana kuma ba zan rufe baki ban faɗe ta ba, ko da za ta yi ɗaci. Sanin kowa ne cewa akwai ɗaliban da ke zama a ɗaki su cike takardun tambaya ɗari uku da hannunsu, suna sauya biro, akwai kuma masu biyan wani a shagon kwamfuta ya ƙera musu babi na huɗu. Gogaggen malami yakan gane, domin amsoshin mutane na gaske ba sa zuwa sumul, akwai wanda zai tsallake tambaya, akwai wanda zai saɓa wa kansa. Ranar kare kundi tambaya ɗaya ta isa ta tona asiri: a ina ka sami waɗannan mutane, kuma yaya ka zaɓe su? Wanda ya tambayi mutum tamanin na gaske, ya faɗi a fili cewa tamanin ne kuma daga unguwa biyu kawai, ya bayyana iyakar abin da za a iya fahimta daga gare su, ya fi samun maki wurin malamin kirki, kuma zai iya tsayawa ya kare aikinsa ba tare da gumi ya jiƙa masa riga ba.

Ga iyaye kuma, musamman ku da ke birni, akwai taimakon da ba ya cin kuɗi. Cikinku akwai ma'aikatan asibiti, da na banki, da na ma'aikatun gwamnati, da 'yan kasuwa masu riƙe da littafin ciniki na shekaru. In ɗalibi ya zo hutu, a zaunar da shi a gaban lambobi na gaske waɗanda ba sirrin kowa a cikinsu, kamar farashin buhun masara wata-wata na shekara uku, ko yawan yaran da suka shiga aji ɗaya a makarantar garinmu da yawan waɗanda suka kai aji shida, maza daban mata daban. A ce ya fitar da matsakaici da na tsakiya, ya zana, ya faɗi abin da ya gani da abin da lambobin ba za su iya gaya masa ba. Rajistar makarantar tana nan a ofishin hedimasta, kuma na tabbata in kwamitin ilimi ya nema a rubuce, za a ba yaranmu dama su duba ta a hutun ƙarshen shekara.

Mai girma Shugaba, na ga mai riƙe da agogo ya ɗaga mini hannu sau biyu.  Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.